Yadda ake bin sawun zafin ƙasa a kwari daga rijiya guda

Ruwan foraji mai zurfi a ƙasar Adar da ɗumi yake fitowa, ko a tsakiyar hunturu. Ba rana ce ta ɗumama shi ba. Bambancin zafin rana da sanyin dare ba ya wuce mita ɗaya cikin ƙasa, na bazara da hunturu kuma yakan ɓace wajen mita 20. Daga nan zuwa ƙasa, cikin duniya ne ke turo zafi sama, ba dare ba rana. Wannan zafin ne ke yanke hukunci a kan ragowar tsirrai da ƙananan halittun da aka binne cikin yumɓu tun miliyoyin shekaru: ko su zama ɗanyen mai, ko iskar gas, ko su zauna yadda suke.

Ƙannena ɗaliban ilimin duwatsu na Jami'ar Abdou Moumouni da na makarantar ma'adinai ta EMIG a nan Yamai, ku nake nufi da wannan rubutu, musamman wanda malaminsa ya ba shi rijiya guda ya yi memwar a kanta. Ma'aunin zafi labarin yau kaɗai yake bayarwa, mai kuwa ba yau aka yi shi ba. Aikinka shi ne ka tashi daga zafin yau, ka koma baya shimfiɗa bayan shimfiɗa, sannan ka tambayi dutsen da kansa ko lissafinka ya yi daidai. Kaye da kalkuleta da Excel sun isa ka yi zagaye na farko. Manhajoji irin su PetroMod da TemisFlow suna da amfani, amma wanda bai taɓa yin lissafin da hannunsa ba, duk zanen da kwamfuta ta fitar masa zai karɓa.

Ka san irin kwarin da kake ciki

Kwari a nan shi ne faɗin ƙasar da ta lotsa, shimfiɗun yashi da yumɓu suka taru a cikinta. Ƙasarmu tana da manyan kwaruruka iri biyu da halinsu ya bambanta ƙwarai. Kwarin Iullemmeden, wanda Tawa ke zaune a cikinsa, ya shimfiɗu daga Mali da Aljeriya har zuwa Sakkwato da arewacin Benin. Faffaɗan lotsawa ne a kan tsohon ɓawon ƙasa, ya nitse a hankali cikin dogon zamani. Yamai tana bakinsa na yamma: a kwarin kogi kana ganin tsoffin duwatsun Liptako a fili, tuddan da ke samansu kuma siririyar shimfiɗar Kontinantal Tarminal ce. Kwarin Termit da ke gabas, inda rijiyoyin Agadem suke, tsagewa ce. Ɓawon ƙasa ya miƙe ya sirance a farkon zamanin Kiretase, teku ta shigo a ƙarshen zamanin, sannan aka sake tsagewa a zamanin Paleyojen. Kaurin shimfiɗunsa ya haura kilomita 10 a tsakiya. Man da matatar SORAZ ta Damagaram ke tacewa tun 2011, da wanda bututu ke kaiwa gaɓar Benin tun 2024, daga can yake.

Dalilin faɗin wannan tun farko shi ne, a kwari irin na Iullemmeden kana iya farawa da zaton kwararar zafi ba ta canja da yawa ba cikin tarihi. A Termit wannan zato kuskure ne tun daga tushe.

Tattara takardu

Nemi rahoton kammala rijiyar, da takardun log duka, wato awon da na'ura ta yi tana bin tsawon rijiyar, tare da shafin farko na kowace, da rahoton yau da kullum na haƙa, da sakamakon gwajin kwararar rijiya in an yi, da ɓarɓashin haƙa ko karot, wato sandar dutsen da aka ciro ɗungurungum daga rijiyar, in akwai. Bayanan rijiyoyin mai ba a tsince su a hanya, sai da takardar neman izini ta hannun malaminka. Na rijiyoyin ruwa sun fi sauƙin samu a ofisoshin ma'aikatar ruwa. Rahoton yau da kullum shi ne wanda ɗalibai suka fi mantawa da shi, alhali a cikinsa ne ake rubuta awa nawa aka yi ana zagaya taɓo da ƙarfe nawa aka kashe famfo. Za ka ga amfaninsu yanzu.

Gyara zafin gindin rijiya

Lokacin haƙa, ana ta tura taɓo daga sama zuwa ƙasa yana dawowa. Da sanyinsa yake sauka, sai ya sanyaya bangon rijiyar. Idan aka kashe famfo aka saukar da na'urar log, ma'aunin da ke jikinta zafin taɓo yake karantawa, taɓon da bai gama ɗaukar zafin dutse ba. Shi ya sa lambar da ke saman takardar log kusan kullum ƙasa take da gaskiya, sau da yawa da digiri 10 ko fiye. Wanda ya kwafe ta yadda take ya gina sauran aikinsa a kanta, duk abin da zai biyo baya ya karkace.

Gyaran da aka fi yi shi ne na Horner, kuma yana buƙatar karatu biyu aƙalla a zurfi guda, uku sun fi. Ga misali na koyo, lambobin ni na tsara su don lissafi, ba na wata rijiya ba ne. Zurfi mita 2,500. An zagaya taɓo awa 4 a gindin. Awa 6 bayan kashe famfo aka karanta digiri 93, bayan awa 12 aka sami 98, bayan awa 24 aka sami 101. Ga kowane karatu, ka haɗa awowin zagayawa da awowin hutu, ka raba da awowin hutu, ka ɗauki logaritim. Na farko: 4 da 6 sun zama 10, a raba da 6, logaritim ɗinsa 0.222. Na biyu 0.125, na uku 0.067. Ka zana zafi a tsaye, waɗannan lambobi a kwance. Ɗigon uku za su jeru a layi guda, sai ka ja layin har inda lambar kwance ta zama sifiri, wato kamar an bar rijiyar ta huta har abada. A nan layin ya kai kusan digiri 105.

Tsakanin 93 da 105 akwai digiri 12, kuma ka riƙe wannan a ranka, don can gaba za ka ga cewa kowane digiri 10 kusan ninka saurin nunar mai yake yi. Ko gyaran Horner ma yakan gaza kaɗan idan hutun gajere ne. In an yi gwajin kwarara, inda ruwa ko mai ya fito daga cikin dutsen kansa na tsawon lokaci, zafin da aka auna a lokacin ya fi kowane inganci, shi za ka sa a gaba. In karatu ɗaya tak ka samu babu awowi, kada ka jefar da shi, amma ka yi masa alama daban a zanenka, ka ɗauke shi a matsayin mafi ƙarancin abin da zafin zai iya zama.

Mai aiki da forajin ruwa, nasa ya fi sauƙi ta wani ɓangaren. Ka nemi rijiyar da ta daɗe ba a ja ruwa ba, ka sauke ma'auni a hankali daga sama zuwa ƙasa, kana tsayawa kowane mita 5 ko 10 har lambar ta natsu. Kana sauka kake aunawa, ba kana hawowa ba, don igiya da na'ura suna dama ruwan. Mita 20 zuwa 30 na sama ka bar su. Zafin ruwan da ke fitowa a bakin famfo kuma ba ya wakiltar zurfi guda, gauraye ne, kuma ya huce a hanya.

Hawan zafi

Ɗigo na farko a zanenka shi ne zafin saman ƙasa. Littattafan da aka rubuta a Turai sukan sa digiri 10 ko 15, manhajoji ma wani lokaci da irin wannan lamba suke zuwa. A Yamai da Tawa matsakaicin zafin iska na shekara yana wajen digiri 29 zuwa 30, ƙasar kanta kuma takan ɗara iska kaɗan. Mu ɗauki 30. Cire 30 daga 105, saura 75, raba da kilomita 2.5: digiri 30 a kowace kilomita, shi ne hawan zafi. Da ka yi aiki da 93 ɗin da ba a gyara ba, 25 za ka samu. Da ka gyara gindin amma ka bar 15 a sama, 36 za ka samu. Rijiya guda, amsa uku.

Daga hawan zafi zuwa kwararar zafi

A nan ne na fi son ka daɗe, don nan ake yawan ruɗewa. Hawan zafi ba shi ne kwararar zafi ba. Kwarara ita ce yawan zafin da ke ratsa kowane murabba'in mita yana hawowa, ana auna ta da miliwat. Dokar Fourier ta ce kwarara daidai take da hawan zafi sau ƙarfin isar da zafi na dutsen. Matsakaicinta a nahiyoyi wajen miliwat 65 ne a murabba'in mita. A kan tsoffin ɓawon ƙasa masu sanyi takan sauka zuwa 40 ko ƙasa da haka, a wuraren da ke tsagewa yanzu kuma takan haura 90.

Duwatsu ba su isar da zafi daidai da juna. Idan aka auna da wat a mita a digiri, dutsen yumɓu yana tsakanin 1 da 2, dutsen farar ƙasa tsakanin 2 da 3, dutsen yashi daga 2.5 zuwa 4 ko fiye, gishirin dutse 5 zuwa 6, gawayin ƙasa bai kai rabin ɗaya ba, ruwa 0.6. Inda dutse ba ya barin zafi ya wuce da sauƙi, zafin yakan taru a ƙarƙashinsa, hawan ya yi tsanani. Inda yake wucewa da sauƙi, hawan ya yi laushi. Kwararar kuwa guda ce.

Mu koma rijiyarmu. A ce mita 600 na sama yashi ne mai sako-sako, ƙarfinsa 2.5. Mita 1,200 na tsakiya yumɓu ne, 1.6. Mita 700 na ƙasa dutsen yashi ne matsattse, 3.5. Ka raba kaurin kowace shimfiɗa da ƙarfinta, abin da ya fito shi ne turjiyarta: 240, da 750, da 200. Jimla 1,190. Raba digiri 75 da 1,190, ka sami 0.063, wato miliwat 63. Yanzu ka juya lissafin: 0.063 sau 240 ya ba da digiri 15, don haka a mita 600 zafi 45 ne. A cikin yumɓu an ƙara 47, a mita 1,800 an kai 92. A dutsen yashin ƙasa an ƙara 13 kacal. Hawan zafi a shimfiɗa ta farko 25 ne a kilomita, a yumɓu 39, a ta ƙasa 18. Wanda ya ja miƙaƙƙen layi na 30 daga sama har ƙasa zai ce a mita 1,800 digiri 84 ne, ya rage 8, kuma daidai a gindin yumɓun da ake zaton shi ne uwar mai, wato dutsen da mai ke samuwa a cikinsa.

Kada ka haɗa ƙarfin shimfiɗu ka raba da yawansu. Zafi ratsa su yake ɗaya bayan ɗaya, don haka turjiya ake tarawa. In kana da karatun zafi da yawa a zurfi daban-daban, zana zafi a kan tarin turjiya, shi ne zanen Bullard. In komai lafiya, layi miƙaƙƙe zai fito, gangarensa kuma shi ne kwararar zafi. In ya lanƙwashe, akwai abin da ke faruwa, kuma sai ka nemo shi.

Ina za ka samo ƙarfin isar da zafin? Mafi kyau a auna shi a kan karot a ɗakin gwaji, kuma samfurin ya kasance jiƙe da ruwa, don iskar da ke cikin busasshen dutse kusan ba ta isar da zafi, sai lambar ta faɗi. A auna a tsaye, ta yadda zafi ke ratsa shimfiɗa, don yumɓu ya fi isar da zafi a kwance. In babu karot, ka ƙiyasta daga log: ka fitar da irin dutsen da yawan kafofinsa, wato ƙananan ramukan da ruwa ke cikawa tsakanin ƙwayoyinsa, sannan ka gauraya ƙarfin ƙwayar dutse da na ruwa. Ana ɗaga ƙarfin ƙwaya zuwa ikon kason da ba kafa ba, a ɗaga na ruwa zuwa ikon kason kafofi, a ninka su. Dutsen yashi mai ƙwaya 6 da kafofi kashi 25 cikin ɗari zai ba ka wajen 3.4.

Abu biyu ke lanƙwasa layin Bullard a ƙasarmu. Na farko ruwa mai tafiya. Manyan shimfiɗun yashi na Iullemmeden, irin su Kontinantal Antarkalar da Hamadiyan, ɗauke suke da ruwa mai motsi, ruwa kuwa da zafinsa yake tafiya. Inda yake nitsewa yana sanyaya sama, inda yake tasowa yana ɗumama ta. Maɓulɓular ruwan zafi ta Tafadek da ke arewa da Agadas misali ce: ruwa ne ya nitse ta tsagogin dutse ya ɗauko zafi ya dawo da sauri. Ganin irin wannan maɓulɓula ba hujja ba ce cewa kwararar zafin yankin gaba ɗaya ta yi yawa. Na biyu, shimfiɗun da kansu suna haifar da zafi, daga uraniyom da toriyom da potasiyom da ke cikinsu. Log ɗin gamma, mai auna hasken nukiliyar da suke fitarwa, yana ba ka ƙiyasi: cire 0.8 daga karatun, ninka da 0.0158, ka sami mikrowat a kowace mita kubik ta dutse. Karatun 100 ya ba da wajen 1.6. Kilomita 4 na irin wannan yumɓu sun ƙara miliwat 6 a kan abin da ya shigo daga gindin kwari. A siririn kwari kana iya kau da kai, a Termit ba ka iyawa.

Sake binne shimfiɗun

Yanzu an shiga tarihi. Yi jadawali: sunan kowace shimfiɗa, zurfin samanta da gindinta, irin dutsenta, da shekarun farawa da gamawarta. Shimfiɗun teku, irin farar ƙasar Paleyosen da ake haƙa a Malbaza don siminti, suna da ƙananan burbushin halittu da ke ba da shekaru sosai. Shimfiɗun tudu ba su da su da yawa, shekarunsu sako-sako ne, kuma ya kamata jadawalinka ya nuna haka.

Kaurin da kake gani yau ba shi ne na asali ba, nauyin abin da ke sama ya matse shi ya fitar da ruwa. Dokar Athy ta 1930 ta ce kafofi suna raguwa da zurfi, da sauri a sama, a hankali a ƙasa. Lambobin da Sclater da Christie suka fitar a 1980 daga Tekun Arewa su ake yawan farawa da su: yumɓu kashi 63 cikin ɗari a sama da saurin raguwa 0.51 a kilomita, yashi kashi 49 da 0.27. Da su, yumɓun da ke zurfin kilomita 2 yana da kafofi wajen kashi 23. In kaurinsa yau mita 100 ne, ƙwayarsa zalla mita 77 ce, kuma lokacin da yake sabo a sama ya kusa mita 200. Ƙwayar ba ta canjawa, kafofi ne ke buɗewa. Ka cire shimfiɗar sama, ka ɗago na ƙasa, ka buɗe kafofinsu gwargwadon sabon zurfinsu, ka rubuta. Ka sake cire ta gaba. Haka har gindi. In log ɗinka ya ba ka kafofin rijiyar kanta, ka gyara lambobin Tekun Arewa su bi naka. A kowane mataki ka sake lissafa ƙarfin isar da zafi, don sabon yumɓu mai ruwa da yawa ya fi tsohon riƙe zafi.

Inda aka sami giɓi, wato shimfiɗa ta zauna a kan wadda ta girme ta da miliyoyin shekaru, tambaya ita ce: ba a ajiye komai ba ne, ko an ajiye zaizaya ta kwashe? In an ajiye mita 800 aka kwashe, to duwatsun ƙasa sun taɓa nitsewa mita 800 fiye da yadda jadawalinka ya nuna, sun kuma ji zafin wurin. A gefen Azbin, inda ƙasa ta ɗago a zamanin baya-bayan nan, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gawayin Anu Araren da ake ƙonawa a Cirozerin na zamanin Karbonifer ne, ya haura shekara miliyan 300, yau yana kusa da sama, amma ba a wannan zurfin ya zama gawayi ba. Ka sa ƙiyasin farko, za a gyara shi a gaba.

Zafin jiya

Iyaka biyu za ka ba lissafin a kowane zamani: zafin sama da kwararar gindi. Na sama ya danganta da inda ƙasar take a doron duniya a lokacin da kuma zurfin ruwan da ke kanta. A ƙarshen zamanin Ordobisiyan, wajen shekara miliyan 445 da suka wuce, ƙanƙara ce ta rufe Sahara, sawunta na nan a Jado. A Kiretase duniya ta fi yau zafi. Ba za ka sa 30 daga farko har ƙarshe ba.

Na gindi kuma, a kwarin tsagewa, tsarin da McKenzie ya kawo a 1978 shi ne mafari. Idan ɓawon ƙasa ya miƙe ya sirance, zazzafan abin da ke ƙasa ya matso sama, kwarara ta ƙaru gwargwadon miƙewar. Bayan an daina miƙewa sai ta riƙa hucewa, kwarin kuma yana ci gaba da nitsewa a hankali. Rarar zafin takan ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku bayan shekara miliyan 60. Saboda haka a Termit, zafin tsagewar farko kusan ya gama hucewa, na biyun kuwa da saura. Lissafinka dole ya nuna tudu biyu, kuma ƙarshensa ya sauka daidai kan kwararar da ka auna yau.

Tambayi dutsen

Duk abin da ka yi zuwa nan zato ne mai tsari. Shaida tana cikin dutse. Bitirinit ragowar itace ce da ke warwatse cikin yumɓu da gawayi. Yayin da take jin zafi, ƙyallinta a ƙarƙashin madubin ƙara girma yana ƙaruwa, kuma ba ya komawa baya. Ƙwan da ya dahu, ko ka sa shi a randa ya kwana, ba zai koma ɗanye ba. Haka bitirinit take riƙe da shaidar zafi mafi tsanani da ta taɓa ji. In ƙyallin yana ƙasa da kashi 0.5 zuwa 0.6 cikin ɗari, dutsen bai nuna ba. Daga 0.6 zuwa 1.3 zangon mai ne. Daga 1.3 zuwa 2 gas mai ɗanshi, sama da 2 busasshen gas. Gwajin Rock-Eval, inda ake gasa samfurin dutse a ɗakin gwaji, yana ba da shaida ta biyu: zangon mai yana tsakanin digiri 435 da 470 na lambar Tmax, wato zafin gashin da samfurin ya fi sakin mai a kansa.

Kafin ka yarda da lambar da ɗakin gwaji ya aiko, nemi ganin rabe-raben karatun, ba matsakaici kaɗai ba. Ɓarɓashin haƙa yakan haɗu da abin da ya rufto daga saman rijiya, wannan yana jawo lamba ƙasa. Tsohuwar bitirinit da ruwa ya kwaso daga wani dutse ya sake ajiyewa tana tura lamba sama. Karatu biyar a samfuri guda ba su isa a kafa hujja ba, ana son gommai. A duwatsun da suka girmi itatuwa, irin yumɓun Siluriyan na Jado, babu bitirinit sam, sai a auna ƙyallin giraftolit, burbushin wasu ƙananan halittun teku, ko na kwalta.

Sai ka lissafa ƙyallin da tarihinka ya hango, ka gwada da wanda aka auna. Don koyo, fara da hanyar Lopatin ta 1971 da Waples ya gyara a 1980. Ana raba tarihi gida-gida na digiri 10. Gidan 100 zuwa 110 nauyinsa 1, kowane gida na sama ninki biyu, na ƙasa rabi. Shekara miliyan 10 a gidan 100 sun ba da 10, a gidan 110 sun ba da 20, a gidan 120 sun ba da 40, jimla 70. Shekara miliyan 10 a gidan 60 kuwa ba su kai 1 ba. A ma'aunin Waples mai yana farawa a 15, ya kai ganiya a 75, ya ƙare a 160. Hanyar tana ba lokaci nauyi fiye da kima, don haka a memwar ɗinka ka yi aiki da EASY%Ro ta Sweeney da Burnham ta 1990, ita ma tana shiga Excel. Amma Lopatin ce za ta sa ka ji a jikinka yadda ƴan miliyoyin shekarun da dutse ya yi a mafi zafi suka rinjayi duk sauran.

Zana ƙyalli a ma'aunin logaritim a kan zurfi. Ido ba mudu ba, amma ya san kima: kafin kowane lissafi, dubi siffar ɗigon. Gangaren layin yana magana a kan hawan zafin da, matsayinsa kuma a kan zaizaya. Sabuwar bitirinit a sama wajen 0.2 take. In layinka ya iso saman ƙasa yana kan 0.4, ka ci gaba da jansa sama cikin iska har ya kai 0.2, tsawon da ka ƙara shi ne ƙiyasin abin da zaizaya ta kwashe. In layin ya yi tsalle a daidai wani giɓi, na ƙasa sun nuna kafin a ajiye na sama. In ƙyalli ya yi tsiri a wuri guda ya dawo, nemi narkakken dutsen da ya kutsa tsakanin shimfiɗu, ƙunarsa ba ta wuce kamar kaurinsa sau ɗaya ko biyu a kowane gefe, kuma ba za ka ɗaga kwararar kwari gaba ɗaya saboda shi ba.

Abin da ya kamata ka ji tsoro shi ne dacewa ta ƙarya. Kwarara mai yawa da zaizaya kaɗan, ko kwarara kaɗan da zaizaya mai yawa, duka biyun suna iya ratsa ɗigo uku da ke kusa da juna. Maganinsa samfura daga sama har ƙasa, da shaidar da ba ta dogara da zafi ba. Log ɗin sauti a cikin yumɓu yana nuna matsewa, matsewa kuma ba ta warwarewa, don haka yumɓun da ya matse fiye da zurfinsa na yau ya taɓa nitsewa fiye da haka. Sawun tsagewar uraniyom a ƙwayoyin afatit kuma yana gogewa tsakanin digiri 60 da 120, shi ne ke faɗin lokacin da dutse ya huce, abin da bitirinit ba ta faɗi. In za ka gyara lissafi, abu ɗaya za ka taɓa a lokaci guda, ka rubuta abin da ya canja.

Abin da za ka kai gaban malamai

Kada ka kai layi guda. Kai uku: mafi sanyin tarihin da shaida ta yarda da shi, mafi zafi, da wanda ka fi gamsuwa da shi, tare da dalilinka. Ga kowanne, nuna shekarar da uwar mai ta shiga zangon mai da shekarar da ta fita, in ta fita. Sannan ka jera wannan da lokacin da tarko, wato inda mai ke taruwa, da murfinsa suka samu. A Termit, yumɓun teku na Yogou na ƙarshen Kiretase yana cikin manyan uwayen mai, yashin Sokor 1 ne ke riƙe shi, yumɓun Sokor 2 ne murfi. Man da ya taso kafin a ajiye murfin ya wuce abinsa, wanda ya taso bayan nan shi ake haƙowa. Bambancin digiri 12 ɗin nan na gyaran Horner yana iya matsar da shekarar tasowar da miliyoyi, daga wannan gefen zuwa wancan.

A ƙarshen memwar ka sa jadawalin ɗanyen karatun zafi yadda ka same su, da zurfinsu, da awowin zagayawa da na hutu, ka bambanta waɗanda ka gani a rahoto da waɗanda ka ƙaddara. Ka yi haka ga ƙarfin isar da zafi na kowace shimfiɗa: wanne aka auna a karot, wanne ka fitar daga log, wanne ka aro daga wani kwari.